Wuyan Yaya da Babban Yatsan Inna

Tun da na buɗe ido a gidanmu na Anka ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha biyar da mata huɗu waɗanda duk suka yi aure suka watse. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in kuma ranta ya yi fari ta ce "mai babban kai". Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a wurinmu, kowace uwa tana yi, amma ta Inna ta fi ta kowa kauri, don mahaifiyarta Bafulatana ce, a ruga ta yi wayo. Ranar da aka yaye Yaya, kakarmu ta wajen uba ta goya shi ta wuce da shi sashenta, daga ranar Inna ta naɗe hannunta. Ba ta kallon idonsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ko ludayi ba ta miƙa masa hannu da hannu.

Ni ce 'yar aike a tsakaninsu. Yana tsaye a tsakar gida, tana zaune taku uku daga inda yake, sai ta dube ni ta ce in faɗa masa tuwo na cikin akushi. Shi ma ya dube ni ya ce in faɗa mata ya gode. Ina ƙarama abin dariya yake ba ni, har nakan ƙara wa saƙon gishiri, in ce Inna ta ce ka sayo mini alewa, su biyun su yi kamar ba su ji ba. Da na girma sai abin ya koma ba ni haushi. Ni da nake kwanciya a cinyarta har na isa aure, tana yi mini susa tana zagina, na san abin da Yaya ya rasa.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ciwo shi ne sana'ar Inna. Mai tausa ce, kuma duk unguwarmu babu kamarta. Matan da daka ya riƙe wa kafaɗa, tsofaffin da sanyi ya shiga ƙashinsu, manoman da suka kwana biyu sunkuye a kan fartanya, duk gidanmu suke yo wa tsinke. Har daga Yargalma an sha kawo mata mutum a kan babur. Kayan aikinta ba su da yawa: man kaɗe a wani ɗan ƙoƙo, tsumma, tukunyar ruwan zafi da ganyen sabara, sai babban yatsanta na dama. Yatsan nan ya taɓa karyewa tana yarinya, saniya ce ta take shi, ya warke a karkace, kansa ya yi kanta. Mummuna ne, ita ma takan faɗa, amma shi ne dukiyarta. Duk wanda ta danna masa shi sau ɗaya sai ya ba da labari.

Yaya kuwa ɗan kokawa ne tun yana saurayi. Da an ɗauke gero an shiga kaka, makaɗa suka fara yawo gari gari, to mun yi sallama da shi ke nan, yau yana Bukkuyum, gobe Gummi, jibi wani ƙauyen da ban taɓa jin sunansa ba. Ba dogo ba ne, amma wuyansa kamar turmi, da shi ya yi suna. Wanda bai san kokawa ba zai ɗauka aikin ƙafa ne da ƙugu. Ni da na tashi a gidan ɗan kokawa na san wuya ne ke shan wahalar. Mutum biyu za su haɗa goshi, kowa ya ɗora hannu a dokin wuyan ɗan'uwansa yana janyo shi ƙasa, shi kuma yana turjewa da ƙeya, su daɗe a haka kamar ba abin da ke faruwa, alhali kowace jijiya daga ƙeya zuwa tsakanin kafaɗu a miƙe take. A fili ba sa jin komai, kiɗa da kirari sun ɗauke musu hankali. Sai gari ya waye wuya ya ƙage, bayan kafaɗa ya ɗaure, ka ga ƙato in an gaishe shi daga gefe sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Kuma ɓoyewa suke yi, don ɗan kokawar da aka san wuyansa ya ƙage an san inda za a kama shi. Shi ya sa abokan Yaya suka fi son gidanmu a kan gidan wanzami, inda kowa ke gani. Da hantsi za su lallaɓo ɗaya bayan ɗaya, Yaya ne ma ke kawo su. Ya shigar da su zaure, ya leƙo ya ce in faɗa wa Inna ta yi baƙi, sannan ya fita ya zauna a gindin dogon yaro da ke ƙofar gida. Inna ta fito da ƙoƙonta, ta zaunar da ƙato a ƙasa tana yi masa faɗa kamar ita ta haife shi, ta ce su dai ba su da aiki sai cin tuwon mutane su je su zubar da ƙarfin a ƙasa. Za ka ji mutum na nishi yana "wayyo Inna", can kuma ka ji ya sauke ajiyar zuciya. Ya fito yana juya kai hagu da dama, yana ba Yaya labarin yadda karkataccen yatsan nan ya nemo inda ciwon ya ɓuya. Yaya sai ya yi dariya ya ce Allah ya ƙara sauƙi, alhali nasa wuyan ya fi na kowa ƙagewa. Matarsa ce ke gasa masa da tsumma in sun shiga ɗaki, iyakar abin da yake samu ke nan.

Akwai shekarun da zinariya ta haukata mutane a yankinmu. Yaya ma ya je Dareta ya yi dakon buhunan dutse a kafaɗa, daga rami zuwa inda ake niƙa. Da yara suka fara mutuwa aka gano gubar dalma ce, sai ya dawo gida bai ƙara waiwayar wurin ba. Amma dakon ya bar masa tsaraba. Da can wuyansa kwana biyu yake yi ya saki, bayan Dareta sai ya yi mako yana fama.

Kakar da nake son ba da labarinta, bayan dawowarsa da shekara biyu ko uku ne. Baba ya rasu, kakarmu ma haka, gidan daga Inna sai ni sai Yaya da iyalinsa. Na gama makaranta ina jiran biki. Matarsa ta haihu ta tafi wankan jego gidansu a Adabka. Shi kuma furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya riga ya faɗa wa kowa cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe a fili. Sai wani matashi daga wajen Bukkuyum, wanda ya kayar da manya uku a kakar nan, ya aiko cewa kafin tsoho ya ajiye walki yana son su gaisa. Aka sa rana a Gummi, ranar kasuwa, bayan la'asar.

Saura kwana shida Yaya ya je gwaji da abokansa a bayan gari. Washegari na kai masa kunu na same shi zaune a bakin gado ya kasa ɗaga kai. Kafaɗarsa ta hagu ta haye sama ta kusa taɓa kunne, in zai dube ni sai ya ɗago ido kawai. Da ya yi sallar asuba, ya ce, sallama ma da ƙirjinsa ya juya ya yi ta. Na ce to ai sai a aika Gummi a ba da haƙuri. Ya harare ni ta ƙasan ido ya ce shekara ashirin bai taɓa gudun fili ba, ba zai rufe da gudu ba, ko a kan gadon kara ne sai an kai shi. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don na san yaron da ke neman suna ba ya tausayi. In ya damƙi wuyan nan a yadda yake, ba faɗuwa kaɗai Yaya zai yi ba.

Na ruga wurin Inna tana tankaɗe na faɗa mata. Rariyar ta tsaya a hannunta kaɗan, sannan ta ci gaba. Ta ce akwai man kaɗe a ƙoƙo, akwai sabara a bayan ɗaki, hannuna kuma ba kuturta gare shi ba.

Haka aikin ya faɗo kaina, ni da ban taɓa tausa ko ɗan akuya ba. Na zaunar da Yaya a kan turmi a tsakar gida, na lafta masa mai, na kama daidai inda ya ce yana ciwo na murza da iyakar ƙarfina. Ya yi wata ƙara da ta tashi kajinmu. Inna tana can gefe ta ba mu baya tana gyaran wake. Ba ta juyo ba, sai ta fara magana da wata kaza da ke tsince a gabanta, wai wasu mutane in sun kama wuyan bawan Allah sai ka ce kwaɓin ƙasar gini suke yi, wai wane mai hankali ke fara wa daga inda ke ciwo, ai ciwo maƙaryaci ne, inda yake kuka daban inda yake kwana daban. Na sauko da hannuna. Ta gaya wa kazar cewa a ƙara yin ƙasa, gefen allon kafaɗa. Na yi ƙasa. Ta ce wa kazar akwai wani ƙulli a nan kamar ƙwallon dabino, in an same shi ba murzawa ake yi ba, dannawa ake a jira. Na lalube bayan Yaya kaf ban ji dabino ba ban ji goriba ba, ni dai ko'ina tauri nake ji.

Kwana uku muna haka, ni da Yaya da Inna da kaza. A rana ta biyu abokinsa ya kawo wanzami a ɓoye ya kafa masa ƙaho shida, aka zubar da jini, wuya yana nan yadda yake. Na sayo man zafi a kemis na shafa masa, fata ta yi ja, ya yini yana hawaye saboda yaji. Ya daina cin abin kirki, don haɗiya ma tana ja masa jijiya. Abin da na lura da shi kuma, ita ma Inna ta daina ci. Takan zuba tuwo ta tsakura ta rufe. Da hantsin nan sai in ga babban yatsanta yana motsi a kan gwiwarta, yana dannawa yana saki, ita ba ta ma san tana yi ba.

Ranar da ya rage kwana biyu na kai bango. Na same ta a ɗaki na rufe ƙofa, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce mutanen Yargalma da na Bukkuyum sun ci moriyar hannunki, ƙattin da ba ki san iyayensu ba sun ci, ɗan da kika ɗauki cikinsa wata tara yana zaune a gindin bishiya yana jin labari. Na ce in yaron nan ya karya shi a Gummi, kunya ce za ta yi jinyarsa? Na yi ta zuba, ina kuka ina faɗa. Na ɗauka za ta ɗauke ni da mari, don bakina ya wuce gona da iri.

Ba ta mare ni ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce: "Ke auta, kina ganin ban so? Ranar da anka ɗauke shi, kwana bakwai ni yi nono na zuba, ban yi kuka gaban kowa ba. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. In nit taɓa shi yanzu, da wane ido za ni dube shi, shi kuma da wane ido za shi dube ni?"

Na ce to kada ku dubi juna mana. Da haushi na faɗa, ban nufi komai ba. Sai ta ɗago ta kalle ni, kallo mai tsawo, ta ce in tafi in ba ta wuri.

Washegari da hantsi ta tashe ni da aiki. Ta sa na cika babbar tukunya da sabara da ganyen dogon yaro, na dafa har ruwan ya yi duhu. Ta ce in faɗa wa wancan yau surace za a yi masa, ya zauna a kan turmi ya sunkuya a kan tukunya, a lulluɓe kansa da bargo, kada ya kuskura ya ɗaga sai an ce ya ɗaga, in iska ta shiga aikin ya ɓaci. Na faɗa masa. Ya cire riga ya zauna, na ajiye tukunyar tsakanin ƙafafunsa, na rufe kansa ruf, na bar dokin wuya da gadon baya a waje. Na ɗebo mai zan fara, sai na ji an taɓa gwiwar hannuna.

Inna ce, ba takalmi a ƙafarta. Ta cire munduwar azurfar da ban taɓa ganin hannunta babu ita ba, ta ajiye a kan tabarma a hankali don kada ta yi ƙara. Ta matsar da ni gefe, ta nuna bakina da yatsa, ta juya hannu, alamar in yi ta surutu. Ta tsaya a bayansa. Na ga hannunta ya yi sama ya tsaya a iska. Shekara talatin da uku rabon hannun nan da fatar nan. Ta motsa baki ta yi bisimilla ba sauti, ta sauke shi.

Ni kuwa na buɗe baki na kama zuba kamar an kunna rediyo. Na ce Yaya yau sai ka yi haƙuri, jiya na kwana ina nazarin abin da Inna ta gaya wa kaza. Na ba shi labarin kayan ɗakin da ake haɗa mini, da rigimar masu ɗinki, da akuyar maƙwabta da ta cinye mana shanya. Ina magana ina kallon hannunta. Ba ta je wuyan ba sam. Ta fara daga tsakiyar baya, da tafin hannu biyu, tana hawa a hankali kamar mai lallashi. Da ta iso gefen allon kafaɗar hagu sai karkataccen yatsan ya tsaya, ya ɗan koma baya, ya nutse. Bayan Yaya ya yi wani irin zillo, sannan ya tsaya cik. Ba ta murza ba, ta danna ta jira. Na ga kafaɗar da ta kwana biyar a kusa da kunne tana saukowa da kanta, kaɗan kaɗan, har ta daidaita da 'yar'uwarta.

Daga cikin bargo muryarsa ta fito a dishe: "Auta, yau hannunki ya hwaɗa."

Na ce ai dama ni gwana ce, raina ni kuka yi. Inna ta hau zuwa dokin wuya, ta bi jijiyoyin nan biyu da ke gefen ƙeya, ta sauko ta kan kafaɗu. Can ta dube ni ta ɗaga gira, na gane, na tambaye shi ko ya saki. Ya ce da saura, nan wajen dama. Ta koma dama. Na sake tambaya, ya ce da saura, can ƙasa. Ta yi ƙasa. Aka daɗe, tukunya ta huce, tururi ya ƙare, labaraina suka ƙare har na koma maimaita na akuya, shi dai da saura yake cewa. Na fara jin haushinsa, na ce a raina wannan wane irin wuya ne da ba ya ƙoshi. Inna kuwa ba ta nuna gajiya ba. A ƙarshe ma ba tausa take yi ba, tafin hannunta kawai ta ɗora a ƙeyarsa, inda ake tallafe kan jariri, ta bar shi a nan. Hawaye na bin kuncinta suna ɗiga a kan zanenta, ba ta share ba don hannuwan duka suna da aiki.

Da ladan ya kira azahar ta janye, ta ɗauki munduwarta ta shige ɗaki. Na jira ta rufe ƙofa sannan na yaye bargon. Fuskar Yaya jiƙe sharkaf, idanunsa jajur, ya ce sabarar nan akwai yaji. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya ɗaga ya kalli sama, ya yi hamdala. Ya ce in faɗa wa Inna an gode da ganye. Na leƙa na faɗa mata, ta ce in faɗa masa ya rage kwana a kan hannu ɗaya.

Ranar karawar ya tafi Gummi da sassafe shi da abokansa. Mu mata ba ma zuwa fili, sai labari. Inna ta yini tana shara inda ba datti. Washegari suka dawo, tun daga ƙofar gida na ji dariyar Yaya na ce shi ke nan ya yi kaye. Ashe shi aka kayar. Abokinsa ya ce sun daɗe goshi da goshi har makaɗa suka gaji, yaron ya ja wuyan nan ya ja, ya ga ba ya lanƙwasuwa, sai ya bar sama ya koma ƙasa ya taɗiye shi, gwiwar Yaya ta taɓa ƙasa. Ya tashi ya kama hannun yaron ya ɗaga, ya kwance walkinsa a gaban jama'a. Wai har da masu kuka. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka kayar yana fara'a irin ta Yaya a ranar ba, ya ci tuwo akushi biyu. Inna ta gaya wa kaza cewa faɗuwa a fili ba mutuwa ba ce, wanda ya dawo da ƙafafunsa ya ci riba.

Bayan nan komai ya koma yadda yake. "Faɗa masa", "faɗa mata", har na yi aure aka kai ni Gummi, suka koma aiken matarsa. Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ranar ba, ko sau ɗaya. Na riƙe sirrin ina jin kaina wata babba, har nakan tsokani Yaya in ce ya biya ni ladan wuyan da na gyara masa, ya ce Allah ya biya. Kokawar ma ta ja baya a yankinmu, da hanyoyi suka lalace da tsoro makaɗa suka daina yawon kaka. Inna ta rasu a cikin shekarun nan na tsoro, ciwon kwana huɗu. Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe ta.

Bayan arba'in na zo gida rabon 'yan kayanta. Munduwar aka ba ni, da ƙoƙon man kaɗe, don babu mai so. Na tarar da Yaya ya dawo daga gona wuya a ƙage, yana juyowa da jiki gaba ɗaya kamar da. Matarsa ta ce ta gasa ta gaji, tunda ga gwanar da ta taɓa gyara shi ta zo sai in taimaka. Ba yadda zan yi. Na zaunar da shi a kan turmin nan dai, na ɗebo mai a ƙoƙon Inna, na fara daga tsakiyar baya yadda na ga ta yi, ina hawa a hankali. Na zo gefen allon kafaɗa ina lalube.

Ya ce: "Ƙasa kaɗan. Nan tas sa yatsa."

Hannuna ya tsaya. Na zagayo gabansa na durƙusa ina kallonsa, na tambaye shi tun yaushe ya sani.

"Tun da tad ɗora shi. Shekara nawa ina zaune gindin dogon yaro abokaina na ba ni labarin yatsan nan? Dut garin ga ni kaɗai ne ban san shi ba. In zo in same shi kuma in kasa gane shi?"

Na ce to me ya hana ka magana, ka bar ni ina ta zuba kamar mahaukaciya, ina ba ka labarin akuya har sau biyu. Ya yi murmushi, ya ce da ya yi magana da ta ɗauke hannu. Na ce ai kuwa ka wahalar da tsohuwa ranar nan, tun hantsi har azahar wuyanka ya ƙi saki.

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunsa, inda tukunyar ta zauna a wancan karon.

"Auta, tun dannawar farko yas saki."